Tiyar kasuwa da tiyar gida: ina dokar hana kati ta kamata ta tsaya?

Yau mun ɗauko magana daga nesa, daga Amurka da Japan, a kan abin da da yawa daga cikinmu za su kira wasan yara. Ku yi haƙuri ku biyo mu, domin a cikin maganar akwai ciniki, akwai asara, akwai kuma tambayar da duk mai kasa kaya ya sani: wa ke da ikon cewa daga yau an hana kaza, kuma har ina ikon nasa ya kai?

Ranar Litinin 23 ga watan Satumba na 2024, wani kwamiti na mutum biyar ya fitar da sanarwa cewa ya hana wasa da kati huɗu a wani salo na wasan da ake kira Magic: The Gathering. Mutanen nan ba gwamnati ba ne, ba duwan ba ne, ƴan sa-kai ne da masu wasan suka daɗe suna bin maganarsu. Ɗaya daga cikin katunan, mai suna Mana Crypt, ana sayar da shi kusan dala 200 kafin sanarwar. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba, wato kuɗinsa ya haura jika ɗari na sefa. Wani mai suna Jeweled Lotus yana wajen dala 100. Sanarwa na fita farashinsu ya rufta. Masu kantuna da suka tara su, da samarin da suka yi tanadi suka saya, duk suka wayi gari da takardar da ba mai neman ta a tsohon kuɗinta. Fushi ya kai wasu ga zagi, har da barazanar kisa ga ƴan kwamitin. Mako guda bayan haka, ranar 30 ga Satumba, kwamitin ya sauka ya miƙa ragamar salon ga kamfanin da ke buga katunan.

Abin da ya sa rigimar ta yi zafi shi ne salon da aka taɓa, mai suna Commander, na hira ne. Abokai huɗu ke zama su yi shi don nishaɗi, yawanci ba kyauta ba kofi. Shi ya sa muhawara ta tashi: jerin katunan da aka hana na filin gasa ne kaɗai, ko kuwa yana da hurumi har kan tabarmar abokai? Mu dai ga matsayinmu tun da fari. A gasa, hani wajibi ne, a rubuce, kuma a kan kowa. A tabarma, yarjejeniyar waɗanda suka zauna ita ce doka. Wanda ya ɗauki dokar wuri guda ya kai ɗaya wurin, ɓarna yake yi ko da niyyarsa mai kyau ce.

Wane irin kati ne wannan?

Kartar da muka sani kati 52 ce, kowane ƙunshi iri ɗaya, kuma hannu biyu daga tuli ɗaya suke ja. Wannan daban take. Wani malamin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro Magic, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, daga baya kamfanin Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Yau ire-iren katunan sun haura 20,000, kowane da aikin da aka rubuta a jikinsa. Kowane mai wasa shi ke haɗa nasa ɗaurin a gida ya zo da shi. A gasa ɗauri ba ya kasa kati 60, kuma ba a sa fiye da huɗu na kati iri ɗaya. Ana sayen katunan cikin ƙunshi rufaffe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka farke. Wanda bai samu abin da yake so ba sai ya je wurin masu sayar da ɗaiɗai, nan ne kasuwa ta biyu ta tsiro, da dillalanta da tashin farashi da faɗuwarsa. A 2022 cinikin Magic ya haura dalar Amurka miliyar ɗaya a shekara guda. A Japan kuma akwai Yu-Gi-Oh!, wanda kamfanin Konami ya fara bugawa a 1999, da katunan Pokémon da yaranmu ke ganin hotunansu a waya.

Mun san abin da ke zuwa a ran mai karatu idan an ce karta: caca. Ba muna nan don wanke caca ba, Allah ya tsare mu da ita. Abin lura ma, a dokar Magic ta farko kowane mai wasa yana ajiye kati ɗaya a gefe, wanda ya ci ya kwashe. Da kamfanin ya ga abin ya yi kama da caca kuma zai haɗa shi da hukuma, ya daina buga katunan da ke aiki da wannan ajiya bayan 1995, kuma dukansu an hana su a gasa. Ke nan tun farkon tarihin jerin hani akwai korar caca daga fili.

Dalilin hani a filin gasa

Jerin farko na katunan da aka hana ko aka taƙaita a Magic ya fito a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa. Tun lokacin dalilan ba su canza sosai ba.

Na farko, kati ya yi ƙarfin da zai kashe sauran. A watan Oktoba na 2019 aka fitar da wani mai suna Oko. A babbar gasar da aka yi a birnin Richmond na Amurka cikin Nuwamba, kusan bakwai cikin goma na masu gasa sun zo da shi. Ranar 18 ga watan aka hana shi a wannan salon. Ku ƙaddara kasuwar Maraɗi ce aka wayi gari rumfa bakwai cikin goma haja ɗaya suka kasa: mai saye zai gaji, kasuwa ta mutu. A Yu-Gi-Oh! akwai katin Pot of Greed, wato Tukunyar Haɗama. Aikinsa layi ɗaya ne: ka ajiye shi ka ja kati biyu, ba ka biya komai ba. Tunda ba mai hankalin da zai bar shi a gida, kowane ɗauri sai ya ƙunshe shi, kuma wanda sa'a ta fara ba shi ya wuce gaba. Konami ya fara jerin hani na gaba ɗaya a 2004, ba a daɗe ba tukunyar ta shiga ciki, ta kwashe shekara da shekaru a can.

Na biyu, lokaci da tsari. A ƙarshen 1993 Magic ya fitar da katunan da aka ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, cikinsu akwai mai suna Shahrazad. Idan an ajiye shi sai a dakatar da wasa a fara wani sabo a cikinsa, kamar yadda mai sunan ke saka labari cikin labari. A hira abin dariya ne. A zauren da mutum ɗari biyar ke jiran a kaɗa ƙararrawa, masifa ne, don haka aka hana shi. Haka wani mai suna Chaos Orb, wanda ake cillawa sama ya faɗo, duk katin da ya taɓa ya mutu. Wane alƙalin wasa zai iya raba gardamar ya taɓa ko bai taɓa ba a tebur ɗari?

Na uku, gyaran kuskuren kamfani. A watan Yuni na 2024 aka fitar da katin Nadu. A babbar gasar Amsterdam ta wannan wata, biyar cikin takwas na ƙarshe da shi suka zo. A watan Agusta aka hana shi, kuma wanda ya jagoranci tsara katunan ya fito ya amsa cewa an canza rubutun katin a ƙurarren lokaci, ba a gwada shi ba kafin a buga. Abin mamaki, an yi canjin ne don a daɗaɗa wa masu wasan hira, sai ya je ya ɓata gasa.

Duk dalilan nan abu ɗaya suke nunawa. A gasa baƙi ne ke haɗuwa, wani daga Tokyo wani daga Paris, ba su san juna ba, ba za su sake haɗuwa ba, ga kuɗi da suna a tsakiya. Kowa ya zo ne ya ci, kuma ba laifi ba ne ya yi amfani da duk abin da doka ta bari. Ba za ka ce wa irin wannan mutum ya ji kunya ya bar katinsa mai ƙarfi a aljihu ba. Wurin da kunya ba ta aiki, sai rubutacciyar doka.

Mu ƴan kasuwa mun san wannan sarai. Ranar kasuwa, baƙo ya zo da buhun hatsi daga ƙauyen da ba ki taɓa zuwa ba, ke kuma ba ki san shi ba. Abin da ke tsakaninku shi ne tiya. In tiyar ma'auna ta bambanta daga rumfa zuwa rumfa, wata an bubbuge gindinta, wata an ƙara mata baki, rigima ce har gaban sarkin kasuwa. Jerin hani shi ne tiyar gasa. Haka ma kokowa. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda yau jihohi takwas ke turo ƴan kokowa goma-goma don neman takobi, dole aka sa alƙalai da agogo da abubuwan da aka haramta a fili. Ba wanda ya ce don haka samarin ƙauye da ke kokowa a dandali bayan girbi sai sun nemo agogo.

Tabarma tana da nata sarki

To mu koma gida. Uwar gida in za ta auna wa maƙwabciyarta gero rance, da ƙwaryar ɗakinta take aunawa, kuma da ita za a mayar. Ba mai zuwa daga kasuwa ya ce ƙwaryar ba ta cika tiya ba. Su biyun sun yarda, magana ta ƙare.

Ku dubi fadar samari a Damagaram ko Yamai, ana dafa shayi ana buga belot. Kati 32 ake wasa da su, daga bakwai zuwa sama. Ashirin an ware su gefe, ba takarda, ba sanarwa. In an koma wasan takwas, kowace fada da nata: a nan wannan kati yana sa a ja biyu, a can ba ya sa wa. Baƙo in ya zo tambaya yake yi, yaya kuke yi a nan? A gaya masa, ya zauna.

Kamfanin da ke da wasan UNO ya taɓa gwada faɗa wa mutane yadda za su yi a gidajensu. A watan Mayu na 2019 ya tunatar a Twitter cewa a dokarsa, wanda aka ajiye wa katin jan huɗu ba shi da damar ɗora na jan biyu a kai ya tura wa na gaba. Duniya ta yi masa dariya, kowa ya ci gaba da yadda ya saba. Kamfanin yana da gaskiya a takarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalilin da ya sa hani daga sama bai dace da tabarma ba a fili yake. Abokai huɗu da ke haɗuwa duk daren Juma'a suna da abin da gasa ba ta da shi: gobe ma za su haɗu. Wanda ya zo da katin da ke kashe wasa cikin minti biyar, sau ɗaya zai yi, sau biyu, a na uku a ce masa malam, ka bar wannan a gida ko ka yi wasa kai kaɗai. Wannan hukunci ya fi na kowane kwamiti sauri, kuma ya fi shi dacewa, domin su suka san wanda ya ƙware da wanda yake koyo. Katin da ke ɓata wasa a wani tebur, a wani tebur shi ne abin dariyar dare. Mutum biyar, komai iliminsu, ba za su iya auna daɗin miliyoyin tebura da ba su taɓa gani ba.

Shi kansa salon Commander daga tabarma ya fito. Wasu abokai a Alaska suka fara shi, wani alƙalin wasa mai suna Sheldon Menery, wanda ya rasu a 2023, ya yaɗa shi tsakanin ƴan uwansa alƙalai. Kowa da kati 100, ba a maimaita kati, sai a 2011 kamfani ya fara buga ɗauri na musamman dominsa. Kuma tun da daɗewa masu kula da shi suna da abin da suke kira doka ta sifili, wadda ke gaban dukan dokoki: waɗanda suka zauna suna iya canza abin da suka ga dama in sun yarda. To in haka ne, me ya kawo jerin hani mai ɗaure kowa?

Abin da masu goyon bayan hani ke cewa

Adalci ne mu kawo hujjarsu, domin ba ta banza ba ce. Suna cewa wasan hira na yau ya bar ɗaki. A Amurka da Turai mutum yakan shiga kantin kati da yamma ya zauna da mutum uku da bai taɓa gani ba. Ba gasa ba ce, amma ba abokai ba ne. Mai kuɗi ya zo da ɗaurin da ya ci jika dubu, ɗan makaranta ya zo da na jika ashirin, kafin yaro ya gyara zama an gama da shi. Yaron ba zai iya buɗe baki ya ce wa babba ya canza ɗauri ba. Jerin hani, in ji su, shi ne bakin mai kunya. Hujjar kwamitin ke nan a kan uku daga cikin katunan huɗu: suna ba mutum ƙarfi da wuri fiye da kima, wasan da ya kamata a daɗe ana yi ya ƙare tun ba a fara ba.

Suna ƙarawa da cewa ko masu wasan nishaɗi da kansu suna neman jeri. A Yu-Gi-Oh! akwai jama'a masu yawa da har yau suke wasa da katuna da jerin hani na watan Afrilun 2005, don sun fi jin daɗin wancan zamani. Ba wanda ya tilasta musu.

Mun yarda da rabin maganar. Gaskiya ne baƙi suna bukatar abin da za su fara magana a kai. Amma misalin 2005 ɗin nan namu yake ƙarfafawa: su suka zaɓi jerin da hannunsu, ba a aiko musu da shi ba. Kuma hanin 2024 bai warkar da ciwon da aka ce don shi aka yi ba. Mai son danne yara yana da wasu katuna ɗari da zai yi da su. Kwamitin ma da bakinsa ya amsa cewa akwai wani kati, Sol Ring, wanda bisa ma'aunin da suka yi amfani da shi ya cancanci hani, amma suka bar shi domin ya zama tambarin salon kuma kusan kowa yana da shi. Tiyar da ke auna wani ta tsallake wani, sunanta son rai.

Maganin da ya fi dacewa mata masu sayar da atamfa sun daɗe da saninsa. Hajiya ba ta hana sayar da mai tsada don talaka na shigowa rumfarta. Tana jera kaya aji-aji, ta ce wannan babba ce, wannan matsakaiciya, wannan ta yau da kullum, kowa ya nufi inda aljihunsa ya kai. Abin da kamfanin ya koma yi ke nan bayan ya karɓi ragama. A watan Fabrairu na 2025 ya fito da matakai biyar na ƙarfin ɗauri, tare da jerin kati 40 masu juya wasa. A mataki na ɗaya da na biyu ba a sa ko ɗaya daga cikinsu, a na uku ana iya sa har uku, a na huɗu da na biyar ba iyaka. Baƙi in sun haɗu sai a tambaya, mataki na nawa za mu yi? Ɗan makaranta ya ce na biyu, ba tare da ya roƙi kowa ba. A watan Afrilu na shekarar kuma aka saki kati biyar daga tsohon jerin hani, ko da yake waɗancan huɗu ba sa ciki. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba, mai ƙarya zai iya ƙarya a kan matakinsa kamar yadda ake sa wa atamfa tambarin da ba nata ba. Amma ya fi kusa da gaskiyar wurin: kowace ƙwarya da abokin burminta.

Wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Katin Jeweled Lotus an yi shi ne a 2020 musamman don Commander, a wani salon kusan ba shi da amfani. A 2023 kamfanin ya sake buga shi cikin ƙunshi masu tsada, ya yi talla da shi. Mana Crypt ma an sake fitar da shi a ƙarshen 2023. Mutane suka zuba kuɗi suna farautarsu. Shekara ba ta cika da yawa ba aka ce an hana. Kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa, ƴan sa-kai suka sha zagi, ƙananan kantuna da masu saye suka ɗauki asara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu kuma da ragama ta koma hannun kamfanin, mai bugawa da mai sayarwa da mai hanawa duk mutum ɗaya ne. Ku ƙaddara babban ɗan kasuwar da ke shigo da shinkafa shi ne kuma mai cewa wace shinkafa aka yarda a ci. Ba sai ya yi zalunci ba kafin a yi zarginsa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa muke cewa hani ya tsaya a gasa, inda ake da alƙaluma a fili, kowa na ganin kati kaza ya cinye bakwai cikin goma, kuma a yi shi a ranakun da aka sanar tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma masu saye ma suna da nasu laifin, kuma ba za mu ɓoye ba. Wanda ya mayar da katin wasa asusu ya manta cewa darajarsa a bakin wani take. Tun 1995 aka ga haka, lokacin da kamfanin ya sake buga tsofaffin katuna da yawa farashinsu ya faɗi, masu tarawa suka yi kuka, har a 1996 ya yi alkawarin akwai wasu da ba zai ƙara bugawa ba. Alkawarin kamfani ne ke riƙe da kuɗin waɗannan har yau. Ƴan kasuwarmu na bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Dan Isa da Magarya, ba sa bukatar dogon bayani. Sun ga abin da ya faru a farkon 2023, bayan da Najeriya ta canza takardun naira 200 da 500 da 1,000 ta sa wa tsofaffin wa'adi, mai tsohon kuɗi a akwati ya rasa barci. In takardar da babban banki ya sa wa hannu tana iya yin haka, ina ga takardar kamfanin wasa? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Asara da ciwo, mun sani, amma ba ta halatta wa kowa ya yi wa ɗan Adam barazanar kisa a kan kwali ba. Waɗanda suka yi haka sun jawo wa kowa hasara ta biyu, domin su suka kori ƴan sa-kai suka miƙa wa kamfani wuƙa da nama.

Hani ɗaya da ya wuce gasa

Akwai wani irin hani da muke ganin ya dace a ko'ina. A watan Yuni na 2020 kamfanin Magic ya cire tsofaffin kati bakwai daga dukan wasanninsa na hukuma saboda hotuna ko sunayensu na cin zarafin wasu jinsi da al'ummomi. Cikinsu akwai mai suna Jihad da mai suna Crusade, wato yaƙin ƴan Salibiyya. Wannan ba maganar ƙarfin kati ba ce, maganar mutunci ce, kuma mutunci ba ya bambanta tsakanin zaure da tabarma. Sai dai ko a nan, a cikin gida ba kamfani ne zai tsare ƙofa ba. Mai gida ne zai ce ba a ajiye wannan a tabarmata.

Abin da muke gani

Masu shirya gasa su rubuta jerinsu, su bayyana dalili, su sanar da ranar da za su duba shi, su ɗora shi a kan babba da yaro. Inda baƙi ke haɗuwa don nishaɗi, a ba su matakai su zaɓa. Abokai kuma a bar su da yarjejeniyarsu, su ma su riƙa yin ta kafin a raba kati, kada sai rigima ta tashi.

Ga iyaye mata da maza da wata rana yaro zai zo ya ce a saya masa irin waɗannan katuna, ko ɗan da ke karatu a waje ya ce yana tara su don za su yi kuɗi, ku tambaye shi abu biyu. Da wa za ka yi wasan? Kuma wa ke da ikon hana katin gobe? In don wasa da abokai ne, mai araha ya isa, su daidaita tsakaninsu. In don riba ne, ku gaya masa tunkiya ba ta jiran sanarwar kowa kafin ta haihu.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asarar dare ɗaya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.